Azurait, benitowait ko fulorait: wane tsohon shuɗin dutse ya cancanci kuɗinka?

Duk mai tara duwatsun ma'adinai da shuɗi ya shiga ransa, ba ya jimawa sai ya tsinci kansa tsakanin guda uku: azurait, benitowait da fulorait. Shuɗɗan duwatsu suna da yawa, zan ma taɓo wasu a hanya, amma waɗannan ukun ne suka fi yawo a teburin dillalai da wajen gwanjon tsofaffin tarin da magada ke rabuwa da su. Kuɗin da mutum ya ware kuwa ba kasafai yake isa a ɗauki mai kyau daga kowanne ba. Dole a fara da ɗaya.

Idan ana maganar tsoho a nan, lokacin da aka haƙo dutsen ake nufi, da hannuwan da ya bi kafin ya iso gare ka. Wanda ya sayi irin wannan, abu uku ya biya a dunƙule: dutsen kansa, 'yar takardar bayanin asalinsa da ta biyo shi, da kuma shekarun da launin zai yi bai koɗe ba. Sabon shiga na farkon kawai yake kallo. Dillali ya san na biyun sarai, don a kansa yake ɗora farashi. Na ukun ne ba mai son a tayar da zancensa, alhali a kansa duwatsun nan suka fi shan bamban.

A fara da azurait, tunda ya fi su tarihi. Ma'adinin jan ƙarfe ne, kuma yana fitowa ne a sashen sama na jijiyar ma'adini, inda ruwa da iska suka ɗauki dubban shekaru suna ratsawa. Abin da ya sa yake saurin ƙarewa ke nan. Kamfani ƙasa yake nufa, da ya wuce wannan sashen azurait ya tafi, ko da mahaƙar za ta ƙara shekara 50 tana aiki. Kamfanin ma jan ƙarfe ya zo nema, ba ruwansa da kyan kiristal, saboda haka mafi yawan masu kyaun injin niƙa ne ya cinye su. Waɗanda suka tsira, da yawansu leburori ne suka fito da su a ɓoye cikin kwanon abinci ko aljihun riga, suka sayar wa dillalan da ke jira a gari.

Mahaƙu uku ne sunansu ke ɗaga farashin azurait. Ta farko Chessy, kusa da birnin Lyon a Faransa, inda aka faɗa wa jijiyar da suka kira shuɗiyar mahaƙa a 1811, aka ƙwaƙule ta kafin tsakiyar ƙarnin. Ta yi suna har aka daɗe ana kiran ma'adinin da sunanta. Na Chessy dunƙule-dunƙule ne, kiristal sun cure wuri guda, launinsu mai duhu, kuma da wuya ka sami wanda gefensa bai goge ba, don ya shekara 200 yana gogayya a durowa. Mai sayensa tarihi yake saya. Ta biyu Bisbee a jihar Arizona ta Amurka, wadda ta fara bunƙasa wajen 1880, aka daina haƙa a 1975. Na Bisbee ya fi haske, sau da yawa ƙananan ƙwayoyi ne masu ƙyalli a kan uwar dutse (wato dutsen da kiristal ke zaune a kai) mai ruwan tsatsa, ga koren ma'adinin malakait mai laushi a gefe. Ta uku Tsumeb a arewacin Namibiya, wadda aka rufe a 1996. Ita ta ɗan saɓa wa ƙa'idar da na faɗa, domin ruwa ya bi tsagogi ya ratsa ta har can ƙasa, sai aka riƙa samun sassan da iska ta ci a zurfin da ba a zata ba, a mahaƙar da ta wuce mita 1,500. Azurait mafi girma da kaifin gefe a Tsumeb aka same su, kuma ko a 1994, saura shekara biyu a rufe, an faɗa wa wani kogon da ake kira aljihun Ista, wanda har yau sunansa kaɗai ke ƙara wa dutse kuɗi.

Wanda bai taɓa riƙe na Tsumeb ba yakan yi turus karon farko, don baƙi zai gani. Babban kiristal na azurait a hasken ɗaki baƙi ƙirin yake, mai sheƙi. Sai ka ɗora tocila a bayansa, ka juya shi a hankali tsakanin yatsunka, sannan shuɗin zai kunno ta bakin gefen da ya fi siranta, ka ƙara juyawa ya ɓace. Girman da ke ƙara masa daraja shi ke haɗiye launin. Wanda yake son ya hango shuɗi tun daga ƙofar ɗaki, kada ya kai kuɗinsa can.

Nan ne Milpillas ta shigo ta rikita lissafi. Mahaƙa ce a jihar Sonora ta Meksiko, ta fara aiki a 2006, ba da jimawa ba ta fara fitar da azurait mai shuɗin da 'yan kasuwar ke kira na lantarki. Yadda abin yake, tsohon kiristal ne ya rikiɗe ya koma malakait, sannan wani siririn azurait ya sake lulluɓe shi, sai haske ya shiga ya daki koren da ke ƙasa ya dawo. A ido, na Milpillas mai kyau ya doke yawancin na Chessy da na Bisbee, wannan ba gardama. Sai dai an fito da su da yawa cikin ɗan lokaci, a zamanin da kowa ya san kuɗinsu, aka naɗe su da kyau tun daga rami, don haka masu kyau ba su yi ƙaranci ba tukuna. Sashen da ke ba da su ya riga ya ƙare, wata rana su ma za su shiga sahun tsofaffi. Ni dai a ganina, wanda ado yake nema ya ɗauki Milpillas ya huta. Wanda kuwa yake son abin da ya riga ya yi wuya, kuma ya yarda ya haƙura da ɗan tabo, ya nufi Bisbee ko Tsumeb.

Raunin azurait a jikinsa yake. A ma'aunin tauri na Mohs, wanda ke tashi daga 1 zuwa 10, yana tsakanin 3.5 da 4, wato bakin wuƙa yana karce shi. Asid yana cinsa, ko ruwan lemun tsami ya ɗiga masa sheƙin zai dushe. Zafi mai yawa yana baƙanta shi. Idan ya ɓantare, wurin yakan fito da shuɗi mai haske, ya yi ta tsone ido a kan duhun kiristal, kuma wannan ne ya sa wasu marasa tsoron Allah ke shafa masa mai. Man yana duhunta tabon, ya ɓace na ɗan lokaci. Dutsen da sheƙinsa ya wuce kima, ƙura tana manne masa, ko ya bar maiƙo a takardar da aka naɗe shi, a yi hattara da shi. Amma ta fuskar launi azurait mai riƙon amana ne. Ana yawan cewa zai koma kore a kan kanta. Wannan rikiɗar a cikin ƙasa take faruwa, cikin danshi da dogon zamani, kuma na Chessy da ke gidajen adana kayan tarihi a Turai har yau shuɗɗa ne.

Benitowait labarinsa gajere ne. A 1907 aka gano shi a tsaunukan gundumar San Benito a jihar Kalifoniya ta Amurka, aka fara ɗauka shuɗin yaƙutu ne, har sai da George Louderback na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya bincika ya tabbatar sabon ma'adini ne. An ga ɓurɓushinsa a Japan da jihar Arkansas, amma kiristal na a zo a gani daga rami ɗaya tak yake fitowa. Kalifoniya ta ayyana shi a matsayin dutsen alfarmar jihar a 1985, haƙa ta kasuwanci kuma ta tsaya a tsakiyar shekarun 2000. Siffarsa ba ta ɓuya: mai kusurwa uku ne, a baje, galibi bai fi santimita 1 zuwa 2 ba, zaune a kan farin ma'adinin natirolait tare da baƙaƙen sandunan ma'adinin neftunait. Ka kashe fitila ka haska masa hasken UV mai gajeren zango, wato hasken wata fitila ta musamman da ido ba ya gani, sai ya ɗauki wani shuɗi mai haske, neftunait ɗin da ke gefensa kuwa ya zauna cikin duhu. Gwaji ne mai sauƙi, kuma jabu ba ya tsallake shi da wasa.

Taurinsa 6 zuwa 6.5, rana ba ta koɗar da shi, ruwa ba ya yi masa komai. Cikin ukun, shi ne za ka ajiye a fili ka manta. Inda ake asara a kansa daban ne. Benitowait a binne yake cikin natirolait lokacin da aka haƙo shi, da asid ake narkar da farin a hankali har kiristal ya bayyana. Ke nan rabin kyan dutsen aikin hannun wanda ya wanke shi ne. Gwani yakan tsaya da wuri, ya bar farar shimfiɗa mai kauri. Mai gaggawa yakan bar shi cikin asid har farin ya cinye, ya koma marmashewa kamar alli, kiristal ya rasa abin riƙo, daga nan sai a koma ga gam. Sandunan neftunait ma suna saurin karyewa, a duba gindinsu da kyau. A benitowait tsufa ba ya ƙara wani abin kirki. Na 1910 da na 1998 rami ɗaya ne ya haife su, kuma sau da yawa na bayan ya fi samun wanki mai kyau. Tsohuwar takarda tana ƙara masa ɗan wani abu, amma bai kai yadda take yi wa azurait ba, tunda ba mai gardamar inda ya fito.

Fulorait ne ya fi jan ido a hoto, shi ne kuma ya fi sa mutane cizon yatsa. Yana zuwa a siffar ɗan akwati mai fuska shida, wani garau har kana hango uwar dutsen ta cikinsa, kuma da kuɗin ɗan ƙaramin benitowait za ka iya samun wanda ya cika tafin hannu. Shuɗɗan da aka fi nema akwai na Le Beix da Le Burg a Faransa masu ruwan sararin sama, da na kudancin jihar Illinois ta Amurka inda mahaƙa ta ƙarshe ta rufe a 1995, da na mahaƙar Blanchard a New Mexico. Matsalar ita ce tsantsar fulorait ba shi da launi. Shuɗin yana zuwa ne daga 'yan naƙasu a tsarin kiristal da ɗan gaurayen wasu sinadarai, abin da haske da zafi ke iya warwarewa. Na Blanchard ya yi ƙaurin suna a kan haka: a bar shi inda rana ke faɗa masa, shuɗin zai dushe, kuma ba ya dawowa da kansa. Ba kowane fulorait ke koɗewa da sauri ɗaya ba, amma tsohon da ya shekara 40 a kabad ɗin gilashi kusa da taga, mai yiwuwa saura kake kallo. Juya shi ka duba gindin da ke zaune a kan katako, inda haske bai taɓa kaiwa ba. Idan ƙasan ya fi saman shuɗi, ka sami amsarka.

Ga kuma tsagewa. Taurinsa 4, kuma yana da hanyoyin tsagewa huɗu a jikinsa, shi ya sa kusurwoyinsa ke fita da ɗan bugu kaɗan, su bar fili mai kusurwa uku sumul. Wani dillalin sai ya ce maka haka Allah ya halicce shi. A madubin ƙara girma mai ninki 10, fuskar halitta tana da 'yan matakala da zane-zanen girma, ta tsagewa kuwa sheƙinta sabo ne fil, bai dace da na sauran fuskokin ba. Ruwan zafi bayan sanyi yana fasa shi daga ciki. Sannan ana iya ƙirƙira masa launin: a ɗauki fulorait maras launi a haska masa tururin nukiliya ya koma shuɗi mai duhu, an kuma sha ganin irin wannan cikin kayan da ke fitowa daga Sin. Saboda haka a fulorait, takardar da ta nuna dutsen yana hannun wani tun kafin wannan sana'ar ta yaɗu tana aiki biyu: tana nuna asalinsa, tana kuma nuna ba ƙirƙira masa launin aka yi ba.

Sauran shuɗɗan, a gurguje. Kalkantait ya fi kowa shuɗi, amma kusan duk wanda ake tallansa a kwalba aka girmar da shi daga ruwan gishirin jan ƙarfe. Yana narkewa a ruwa, yana bushewa ya koma gari, ga shi guba. A bar shi. Bibiyanait yana fitowa daga ƙasa da ɗan launi kaɗan, haske ya mai da shi shuɗi, ya ci gaba da duhunta shi har ya zama baƙi ya fara tsattsagewa, don haka tsohonsa sai wanda ya rayu a rufe. Selestin na Sakoany a Madagaska yana da kyau da araha, yana kuma da yawa ƙwarai, kada a sa ran zai yi tsada. Akwamarin mai tauri ne, 7.5 zuwa 8, sai dai Pakistan da Barazil suna ci gaba da fitar da shi, kuma da yawan waɗanda ke tsaye a kan uwar dutse gam ne ya tsayar da su. Lazurait na Sar-e-Sang a Badakhshan ta Afganistan, inda aka shafe fiye da shekara 6,000 ana haƙa, mai tara duwatsu kiristal ɗinsa yake nema a cikin farin marmara, wanda aka goge kuwa kasuwarsa daban. Akwai kuma na manya: lirokonait na mahaƙar Wheal Gorland a Cornwall ta Ingila, wanda mafi kyansa ya fito tun ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, da bolewait na Boleo a Meksiko. Waɗannan sai mai dogon aljihu da dogon haƙuri.

Kabansait ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, saboda darasin da ya koya wa kasuwa. An fara bayyana shi a 1973 daga jihar Oregon ta Amurka, 'yan ƙananan ƙwayoyi, ana lissafa shi cikin ma'adinai masu wuyar samu. A ƙarshen shekarun 1980 sai wuraren fasa dutse na Wagholi, kusa da Pune a Indiya, suka fara fitar da shi dunƙule-dunƙule masu shuɗi mai ɗaukar ido, har ya zama abin da kowane dillali ke da shi. Ƙarancin nau'in ma'adini yana iya rushewa da sara guda na haƙa a wata nahiya. Ƙarancin mahaƙar da aka rufe ya fi tsayawa, domin ko gobe an gano sabon azurait a wani wuri, ba zai zama na Bisbee ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai son dutsensa ya riƙe daraja ya fi ba wa sunan mahaƙa nauyi a kan sunan ma'adini. Ba sababbin haƙa kaɗai ke ruɗa kasuwa ba ma: a 2020 wani hemimofait mai shuɗi mai ban mamaki ya fito da sunan mahaƙar Ojuela ta Meksiko, manyan dillalai suka yi rububinsa, sai da aka kai shi ɗakin gwaji aka gano rini ne.

To, sunan mahaƙa kuwa a takarda yake zaune, kuma a nan ne ciniki yake ƙulluwa ko ya warware. Tsohuwar takarda ta gaske 'yar ƙarama ce, ba ta fi yatsu biyu faɗi ba, ta yi ruwan ƙasa, sunan dillali a buge a sama, sunan ma'adini da wurin haƙa kuma an rubuta da alƙalami, tawadar ta koma ja-ja. Sau da yawa akwai lamba a kusurwa, kuma lambar nan za ka tarar da ita a jikin dutsen, a wata 'yar takardar da aka manna ko a kan ɗigon farin fenti. Wannan daidaiton lamba shi ne igiyar da ta ɗaure takarda da dutse. In babu shi, takardar tana iya zama ta gaske, dutsen ma na gaske, amma ba su taɓa haɗuwa ba sai a hannun wanda ke sayar maka. Sunayen da aka fi gani akwai gidan Krantz na Bonn a Jamus da aka kafa a 1833, da Ward na Rochester daga 1862, da A. E. Foote na Philadelphia daga 1876, biyun ƙarshen a Amurka. Mujallar Mineralogical Record, wadda ke fitowa tun 1970, ta tara hotunan dubban irin waɗannan takardu a intanet, ana iya gwada rubutu da bugu da adireshi. Adireshin yana da amfani sosai, don dillalai suna ƙaura, kuma titin da ke kan takarda yana nuna shekarun da aka buga ta. Takardar gidan adana kayan tarihi ma tana fitowa kasuwa ta halal, tunda sukan yi musayar abin da suke da shi biyu. Dutsen da ya taɓa zama cikin tarin Washington Roebling, injiniyan gadar Brooklyn wanda tarinsa mai kusan 16,000 ya koma cibiyar Smithsonian bayan rasuwarsa a 1926, takardarsa kan yi tsadar da ta kai dutsen.

Amma takarda ma tana ƙarya, har ta manyan mutane. Arthur Kingsbury masani ne da ake girmamawa a Ingila, ya rasu a 1968 da sunan wanda ya gano ma'adinai da yawa a wuraren da ba a taɓa ganinsu ba. Kusan shekara 30 bayan haka, da aka bi tarinsa ɗaya bayan ɗaya, aka tarar da yawa duwatsun ƙasashen waje ne ya laƙa musu sunayen mahaƙun Ingila. Uwar dutsen ce ta tona asirin. Kowace mahaƙa tana da irin nata dutsen da irin ma'adinan da ke rakiya, kuma waɗannan ba sa bin abin da alƙalami ya rubuta. Kafin ka biya kuɗin sunan Tsumeb, shiga shafin intanet na Mindat, mai tara bayanan ma'adinai, ka kalli hotunan azurait na Tsumeb da yawa har idonka ya saba, sannan ka kalli na Touissit ta Maroko, wanda ke kama da shi ƙwarai kuma akan sayar da shi da sunansa.

Maganar gyara, mataki uku ne, kuma farashinsu bai kamata ya zama ɗaya ba. Akwai kiristal da ya karye aka mai da shi mazauninsa da gam, komai nasa ne. Wannan karɓaɓɓe ne idan an faɗa, kuma a tsofaffin duwatsu ya zama ruwan dare. Akwai wanda wani yanki ya ɓace aka cike gurbin da roba mai launi, nan farashi ya kamata ya sauka sosai. Sai kuma wanda aka ɗauko kiristal daga wani wuri aka dasa a kan uwar dutsen da ba tasa ba, aka barbaɗa garin dutse a kan gam ɗin, wannan algus ne kawai. Duba inda kiristal ya haɗu da uwar dutse da madubin ƙara girma. Na halitta yana kutsawa ciki, ƙananan 'yan uwansa suna kewaye da shi. Na dashe yana zaune a cikin ɗan rami mai santsi, da zoben gari a gindinsa. Gam da yawa yana haske a ƙarƙashin fitilar UV, amma ba duka ba. Auduga da aka jiƙa da asiton, sinadarin goge jan farce, tana ɗebo mai da wasu rinin, sai dai tana sakin gam, tana kuma goge tsohuwar lamba, don haka a nemi iznin mai dutse tukuna.

Game da girma, kuɗi ɗaya yana sayen babban dutse mai tabo ko ƙarami maras tabo, kuma ranar sayarwa ƙaramin ne ke samun mai so da wuri. Akwai ajin ƙanana da ke shiga akwatin santimita 3, da na tsakiya da ba su wuce santimita 5 zuwa 6 ba. A waɗannan azuzuwan mai matsakaicin hali yana iya mallakar na sahun gaba. A manyan kuwa, ragowar abin da masu kuɗi suka ƙi zai samu. Ga azurait akwai ƙarin riba, tunda ƙaramin kiristal ya fi babba nuna shuɗi.

Idan aka ce in zaɓa wa wanda zai sayi tsohon shuɗin dutsensa na farko, azurait zan ce, ƙarami ko matsakaici, na Bisbee ko Tsumeb, mai kiristal ɗaya aƙalla da ba tabo a fuskar da ake kallo, da takarda mai lambar da ta dace da ta jikinsa. A kansa ne tsufa da takarda suke da nauyi na gaske, launinsa kuma zai jira jikoki. Sharaɗin kawai a rufe shi cikin akwati kada hannu ya riƙa kai masa. Wanda gidansa ke da yara ko yawan baƙi, ko yake son dutse a fili ƙarƙashin fitila kullum, benitowait ya fi masa, kuma kada ya biya ƙarin kuɗi don an ce tsoho ne, ya biya don wankin ya yi kyau. Fulorait na wanda ke da durowa mai duhu ne, wanda kuma zai iya riƙe dutsen a hannu kafin ya biya. Daga hoton intanet kaɗai ba zan saye shi ba, domin kyamara da fitilar da aka ɗora a baya suna ƙara masa shuɗin da babu.

Wanda ya sami halin zuwa manyan bajekoli, na Tucson a Arizona da ake yi tun 1955 a watan Fabrairu, ko na Sainte-Marie-aux-Mines a Faransa a watan Yuni, ko na Munich a kaka, zai ga azurait da yawa a jere a yini guda, idonsa ya koyi farashi fiye da yadda karatu zai koya masa. Wanda bai samu ba, ya bi sakamakon gwanjo na baya, ya kalli abin da aka biya a ƙarshe, don farashin da dillali ya rataya fata ne kawai. Ko a ina aka yi cinikin, a nemi dillali ya rubuta abu huɗu a rasit: sunan mahaƙa, ko an yi gyara, ko an taɓa launin, da kwanakin da za a iya mai da dutsen. Tsofaffin takardun a ɗauki hotonsu tare da dutsen, a sa su cikin leda maras asid, a ajiye su a akwati ɗaya da shi, sannan ka rubuta taka takardar da ranar saye da sunan wanda ka saya a hannunsa ka haɗa da su.